Yadda ake zaɓa wa 'ya mace suna na biyu da zai hau da sunanta na yanka

Kusan duk haihuwar mace da akai a danginmu cikin 'yan shekarun nan sai an bugo min waya an ce Gwaggo ga sunan da muka tsayar, me za mu haɗa masa, kuma a ɗaya ɓangaren ni malama ce a makarantar 'yan mata, ni nake zama da ɗalibai duk shekara lokacin cike fom ɗin WAEC da NECO, toh na ga abin daga farkonsa ranar suna, na kuma gan shi bayan shekara 16 lokacin da yarinya take kuka a gabana saboda sunan da ke takardar haihuwarta daban, na NIN ɗinta, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, daban. Shi ya sa nake ɗaukar maganar nan da muhimmanci. Wannan bayani na maijego ne da angon ƙarni, musamman masu haihuwar fari.

Kayan aiki

Ba wasu kaya masu tsada bane. Ki samu takarda da biro, ba waya ba, don suna sai an gan shi a rubuce da hannu an soke an sake. Ki rubuta sunayen iyaye mata da kakanni na ɓangarenki da na ɓangaren maigida, har da waɗanda suka rasu, da sunayen yaran gidan da aka riga aka haifa don kar a maimaita. Ki ɗauko takardar NIN ta baban yarinya ko fasfo ɗinsa, saboda daga can za a kwafi yadda yake rubuta sunansa harafi da harafi. Sai kuma wanda ya san Larabci da gaske, malamin islamiyya ko malamar hadda, in babu a kusa a kira a waya, in ma babu wannan toh a tsaya kan sunayen sahabbai mata da kowa ya sani, ba a ɓata a nan. Abu na ƙarshe lokaci, a fara tun ciki yana wata bakwai ko takwas, ko an yi hoto a asibiti an ce mace ce ko ba a yi ba ki tanadi na mace da na namiji, domin kwana bakwai ɗin nan na bayan haihuwa ga 'yan barka ga wankan jego ga rashin barci, ba lokacin nutsuwa bane.

1. Ku fara sanin wane gurbi kuke cikewa

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba. Mu Hausawa asalinmu sunan yanka ne ɗaya, sai sunan uba, sai wani lokaci sunan kaka ko na gari ko unguwa. Amma fom ɗin zamani gurbi uku gare shi, na sunan iyali, na sunan farko, na sunan tsakiya, kuma gurbin tsakiyan nan hanya biyu ake bi da shi. Ko dai a sa sunan uba a tsakiya a sa na kaka a ƙarshe, kamar Zainab Musa Abdullahi, ko kuma a ba yarinya suna na biyu nata na kanta a sa sunan uba a ƙarshe, kamar Zainab Nabila Musa. Duka biyun daidai ne, abin da ba daidai ba shine a yi wannan a asibiti a yi wancan a makaranta. Ku zauna ke da shi ku tsayar da guda. In yayyenta suna amfani da sunan kaka a ƙarshe toh ita ma a bi hakan don sunan gidan ya zama ɗaya, sai suna na biyun ya zauna a matsayin na kira a gida kawai, ba a takarda ba. Ni dai shawarata kar a cusa suna huɗu a gurbi uku. Kuma duk tsarin da aka ɗauka sunan mahaifinta kar ya fita, Alƙur'ani a Suratul Ahzab aya ta 5 ya ce a kira su da iyayensu maza, kar a sa sunan mijin uwa ko na kawun da yake riƙonta don kawai shi ya kai ta makaranta.

2. A tsayar da sunan yanka tukuna

Ba a neman murfi kafin a ga tukunya. Sunan farko shi ne uwa, na biyu binsa yake. Ki tambayi maigida ƙarara wa za a yi wa takwara, don in mahaifiyarsa ce ko taki toh kin san ba mai iya buɗe baki ya kira sunan gatsau a gidan, dole a yi alkunya, kuma kusan kullum sunan alkunyar nan shi yake bin yarinya har gidan miji. Kinga in haka ne aikin ya zo da sauƙi, sunan alkunyar shi ne ɗan takara na farko a gurbin tsakiya. Sai dai a duba irinsa. Ummi, Mami, Mama, Hajiya, Iya duk sunayen kira ne masu daɗi a gida amma ba na son ganinsu a satifiket, sun fi kama da muƙami. Irin su Walida, Amira, Ikram, Ilham, Nabila su sun zauna a baki sun zauna a takarda. Walida ma ma'anarta mahaifiya, kinga ta yi alkunyar ta kuma yi sunan.

3. Ki duba ko sunan yana da abokin tafiyarsa na asali

Wannan matakin nafi so, don akwai sunayen da tun kafin a haife mu tarihi ya riga ya haɗa musu abokan tafiya, ba sai kin wahala ba. Fatima tana tafiya da Zahra, wato mai haske, laƙabin 'yar Manzon Allah (SAW), ana kuma ce mata Batula, wadda ta keɓe kanta ga ibada, kuma Batula ɗin nan ana kiran Nana Maryam ma da shi. Aisha tana da Humaira tana da Siddiƙa, 'yar Abubakar Siddiƙu. Khadija da Kubra, wato babba. Halima da Sa'adiyya, saboda Halimatu da ta shayar da Annabi (SAW) 'yar ƙabilar Bani Sa'ad ce, sunan dangi ne ya zama suna. Rabi'atu da Adawiyya, baiwar Allah ta garin Basra, wadda bakin mutanenmu ya mayar Badawiyya. Hauwa kuma a nan gida ana haɗa ta da Jidda ko Kulu. Asma'u sau da yawa Nana ake sa mata a gaba, albarkacin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ma fa tagwaye ce, ɗan uwanta Hassan, amma Shehu bai sa mata Hussaina ba ya sa mata Asma'u.

Kuskuren da nake yawan gani a nan guda biyu ne. Na farko a haɗa laƙabin wata da sunan wata ba tare da an sani ba, a ce Khadija Humaira ko Aisha Kubra, ba haramun bane ko kaɗan, amma duk wanda ya ji Humaira zai ɗauka Aisha ce, yarinya ta yi ta gyara wa mutane har girmanta. Na biyu a maimaita suna ɗaya sau biyu ana zaton biyu ne. Hadiza Khadija suna ɗaya ne, haka Maryam Mairo, haka Aisha Indo ko Aisha Shatu, haka Zainab Abu, gurbin ya tafi a banza. Fatima Binta an saba da shi sosai ba na hana shi, amma ki sani Binta ɗin ma Fatima ake nufi.

Sannan akwai sunayen da kalma biyu ne amma suna ɗaya ne, Ummu Kulsum, Ummu Salma, Ummu Hani, Amatullah. Kar a raba su a sa Ummu a gurbin farko Kulsum a tsakiya, in an yi haka wata rana takarda za ta fito da Ummu kaɗai da sunan uba. A haɗe su a gurbin farko, Ummukulsum, in ana so a ƙara wani a tsakiya a ƙara gajere.

4. In babu abokin tafiya na asali, sai a nemo

Sunaye irin su Hafsat, Safiyya, Ruƙayya, Maimuna, Amina, Bilkisu, Habiba, Saudat ba su da wani laƙabi guda da dole sai shi, toh nan filin a buɗe yake. Ki rubuta kamar biyar zuwa bakwai kar su wuce haka, yawa yana rikita mutum. Wurare uku nake nemowa. Na ɗaya dangin uwa, in sunan yanka na ɓangaren miji ne sai a ba ɓangaren mace gurbin tsakiya, wallahi wannan dabarar ta sha kashe wutar da ta so tashi tsakanin surukai, kowa ya ji an tuna da shi. Na biyu sahabbai mata da ba a cika sa sunansu ba, Sumayya mahaifiyar Ammar ɗan Yasir wadda ita ce ta fara shahada a Musulunci, Nusaiba 'yar Ka'ab da ta tsaya ranar Uhudu, Juwairiyya, Khaula, Ramla. Na uku sunaye masu ma'anar fata nagari, Bushra albishir, Yusra sauƙi, Rahma jinƙai, Sakina nutsuwa, Basma murmushi, Husna mafi kyau, musamman in haihuwar ta zo bayan dogon jira ko wahala, iyaye sukan so sunan ya riƙe musu wannan.

Kuma dan Allah kar a raina namu na Hausa. Sunan rana yana nan, Ladi ta Lahadi, Tani ko Altine ta Litinin, Talatu, Laraba ko Balaraba, Lami ta Alhamis, Jummai, Asabe. Akwai Azumi ga wadda aka haifa a watan Ramadan, Kande ko Delu ga macen da ta biyo bayan maza, Gambo ga mai bin tagwaye, Auta. Matasan iyaye yanzu suna gudunsu wai na ƙauye ne, ni kuwa har ga Allah Safiyya Lami ko Amina Jummai sun fi min daɗin ji akan wasu sunayen da aka tsinto a intanet ba a san daga ina suka fito ba, kuma suna ɗauke da labarin ranar da yarinya ta zo duniya. Abu ɗaya, a sa su a inda suka dace, kar a sa Asabe ga 'yar Talata, kar a sa Hassana ga wadda ba tagwaye ba, Auta kuma a bar shi a baki kar ya shiga takarda don ba a san abin da Allah zai kawo gaba ba.

5. A binciki ma'ana kafin a kamu da son sunan

Ki kai jerin nan wajen malami, ki ce ya rubuta miki kowanne da Larabci ya faɗa miki ma'anarsa. Dalilin rubutawa da Larabci shine akwai sunayen da a boko iri ɗaya suke amma a asali sun sha bamban. Misali Asiya matar Fir'auna baiwar Allah, da wata kalmar Asiya mai haruffan ainun da sadi wadda ke nufin mai saɓo, ita ce Annabi (SAW) ya canza wa 'yar Sayyadina Umar ya mayar da ita Jamila. Haka ya canza Barra ya koma Zainab, saboda sunan yana nuna mutum yana tsarkake kansa. Kinga kenan ma'ana ba ƙaramin abu bane. Wani kuskuren shine a buɗe Alƙur'ani a ga kalma mai daɗin sauti a ce ai daga Alƙur'ani take, alhali a cikinsa akwai sunan azaba akwai na kafirai akwai aikatau da ba suna ba. Kar ki dogara da hotunan jerin sunaye da ake turawa a WhatsApp, na sha ganin ma'anar da aka liƙa wa suna wadda ba ta da alaƙa da shi. Sannan ki duba ma'anar biyun in an haɗa, su tafi tare ko aƙalla kar su yi karo.

6. Ki gwada shi a baki

Yanzu jerin ya ragu zuwa biyu ko uku. Ki kira cikakken sunan da ƙarfi, na yanka da na tsakiya da na uba, kamar yadda malama za ta kira rajista a aji, ki kuma kira shi kamar kina ƙwala mata kira daga tsakar gida. Abin da na lura da shi, dogo yana son gajere, gajere yana son dogo. Juwairiyya Husna ya zauna, Juwairiyya Sa'adiyya ya yi nauyi kuma duka sun ƙare da sauti ɗaya. Amina Bushra ya fi Amina Sakina sauƙin fita don na biyun kamar waƙa yake. Ki kula da inda ƙarshen na farko da farkon na biyu suke haɗuwa, Hafsat Tasnim harshe yana sarƙewa a kan ta biyun nan, haka Maryam Munira ma yakan narke ya zama kamar kalma ɗaya. Gwajin da ban taɓa tsallakewa ba shine na kaka, a faɗa wa tsohuwar gidan sunan a ji yadda zai fito daga bakinta, in ta kasa toh ki sani ita za ta raɗa wa yarinya wani nata kuma nata ne zai bi ta.

7. A tsayar da rubutu guda

In ba ki ɗauki komai a bayanin nan ba ki ɗauki wannan. Suna ɗaya yana da rubutu kusan biyar a wajenmu, Aisha, A'isha, Aishat, Aishatu, Ayesha, haka Khadija, Khadijah, Khadijat, Hadiza, haka Zahra, Zahra'u, Zara. A wajen kwamfuta kowanne mutum daban ne. Ku zaɓi ɗaya ku rubuta da manyan haruffa a takarda, gurbi gurbi. Kar a rubuta Khadijatul ko Fatimatuz a gurbin farko, wannan ƙarshen na haɗi ne kawai lokacin furuci, a sa Khadija a nan Kubra a can. Sunaye masu ɗauri irin Asma'u da Sa'adatu da Rabi'atu ku sani wasu na'urorin ba sa karɓar alamar nan ta sama, sai su cire ta, haka ƙ da ɗ sukan koma k da d, toh gara tun farko a san yadda za a rubuta in alamar ta ƙi shiga. Tsawo ma a duba, layin ƙasan fasfo da na'ura take karantawa gurbin harafi 39 ne kacal na suna gaba ɗaya har da tazarar tsakani, abin da ya wuce yankewa ake. Masu dangi a tsallaken iyaka kuma, a Nijar da salon Faransanci ake rubutawa, Aïchatou, Haoua, Zeinabou, Mariama, in yarinya za ta yi karatu ko zama a ɓangarorin biyu a bi rubutun takardar da aka fara yi mata kar a fassara.

8. Shawara, huɗuba, raɗin suna

Haƙƙin sa suna na uba ne amma gidan da ake zaman lafiya ana shawara. Ku biyun ku gama magana tukuna sannan a sanar da iyaye cikin girmamawa, kar a buɗe ƙofar kowa ya kawo nasa don ba za a gama ba. In Hajiya ta kawo wani suna daban kuma ba a son ɓata mata, sai a bar nata ya zama na kira a gida. Lokacin huɗuba uba ya faɗi sunan da aka tsayar. Ranar bakwai da safe kafin a raba goro da dabino a ba liman sunan a rubuce a 'yar takarda, a gaya masa ko biyun zai faɗa ko na yanka kawai, na taɓa halartar sunan da aka sanar da abu ɗaya a ƙofar gida, cikin gida mata suna kiran wani, kwanon rabo kuma an buga na uku a jiki, duk don ba wanda ya rubuta. Mai buga sitika da kalanda ma a tura masa hoton takardar nan, kar a faɗa masa a waya.

9. A yi rajista da wuri

Ana gama suna a nufi ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, akwai su a sakatariyar ƙananan hukumomi, asibitoci da yawa ma akwai teburinsu, doka ta ce a yi rajistar haihuwa cikin kwana 60. Uba ko uwa su je da kansu da takardar nan ta manyan haruffa, kar a aiki yaro ko maƙwabci. Kafin a baro teburin a karanta satifiket ɗin harafi da harafi, a duba ba a juya gurbi ba, don sau tari ana mayar da sunan tsakiya ya zama na iyali. In a gida aka haihu ba takardar asibiti, katin rigakafi yana taimakawa, shi ma a tabbata sunan da ke kansa daidai ne ba Baby da sunan uwa ba kamar yadda ake rubutawa kafin suna. Daga wannan satifiket ɗin za a kwafi komai, NIN da rajistar firamare da ta islamiyya, kuma tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, sunan da ke can shi take ɗaukowa, in ya saɓa da na WAEC matsala ce a wajen shiga jami'a.

10. In an riga an yi kuskure

Wadda 'yarta ta riga ta girma kuma takardun sun saɓa, kar ki jira sai ajin ƙarshe na sakandare. Ki tattaro duka takardun ki baje su, ki ga wanne rubutu ya fi yawa kuma wanne ne ya fi wuyar canzawa, yawanci sakamakon jarrabawa shi ne mai wuya, toh sai a karkato sauran su bi shi. Ana yin takardar rantsuwa a kotu, wani lokaci a buƙaci sanarwa a jarida, sannan a nemi gyara a hukumar NIMC mai ba da NIN, ana biyan kuɗi kuma yana ɗaukar lokaci. In yarinya tana firamare ne abin bai kai haka ba, ki je makarantar da fotokwafin satifiket ɗin haihuwa ki roƙi hedimasta a gyara rajista tun kafin a yi mata jarrabawar fita aji shida. Kuma ko ƙara suna na biyu kuke so ku yi wa wadda da can ba ta da shi, ta wannan hanyar za a bi, kar kawai a wayi gari a fara rubuta shi a littattafanta, a fara da takardar haihuwa da NIN sannan makaranta ta biyo baya.